Abokin Igiya

Ranar da aka raba muku akwatunan zuma a harabar sakatariya, ina zaune a gindin darbejiya ina jin hirarku. Wani a cikinku, mai jar hula, ya ce wa na kusa da shi, "Wannan ai ba aiki ba ne. Ka ajiye akwati, ka tafi kallon ƙwallo, ka dawo ka kwashi zuma." Kuka yi dariya. Ban tanka ba, domin ba a tambaye ni ba. Yanzu da malamin gona ya ce in faɗa muku yadda sana'ar take kafin akwati ya zo, zan faɗa, iyakar abin da hannuna ya taɓa.

Sunana Sabo. Ƙauyenmu yana tsakanin Dutse da Jahun, kuma noma muke yi kamar kowa: gero, dawa, wake, ɗan riɗi. Zuma aikin rani ce. Ita ke riƙe gida idan rumbu ya fara sauka.

Amyar farko da na saƙa, Kawu Ila ya sa ƙafa ya take ta. Shi ne ƙanen mahaifiyata, a wurinsa na koya. Ya ce, "Wannan akurkin kaji ne. Kai wa innarka." Amya doguwar saƙa ce ta gamba, siffar ganga, tsawonta ya kai daga ƙasa zuwa ƙirjin mutum. Ana shafe ta da ɗanyen kashin shanu ciki da waje, a shanya a inuwa. Idan ka shanya a rana za ta tsage, ƙudan zuma kuwa ba ya zama inda haske ke shiga ta gefe. Ana yi mata murfi biyu, a huda ɗaya ƙaramar ƙofa. Sai a turara cikinta da tsohon kaki da wasu saiwoyi har ƙamshin ya kama ta, a naɗe ta da zana saboda ruwa, a haura da ita bishiya, a kwantar da ita tsakanin rassa biyu, ƙofarta na kallon inda ba iska. Daga nan sai jira. Wata amyar ƙuda ya shige ta a makon, wata ta shekara ba kowa sai ƙadangare.

Amma ba saƙa ce ta fi ba ni wuya ba. Na daɗe a hannun Kawu kafin ya bar ni in taka reshe. Aikina riƙon igiya.

Ga yadda ake ɗiban zuma a lokacin. Ana fita bayan sallar asuba, sanyi bai saki ƙuda ba. Mutum ɗaya ya hau, fuskarsa a naɗe da rawani, ɗaya ya tsaya a ƙasa da igiyar rama wadda aka rataya a reshen sama. Na ƙasa shi ke ɗaura bakin wuta, wato damin ciyawa mai hayaƙi, ya aika sama. Shi ke aika masaki, ya karɓe shi cike da saƙar zuma, ya rufe, ya mayar da wani. Babban aikinsa kuma magana. Wanda ke sama ba ya gani sosai. Hayaƙi ya cika masa ido, harbi ya kumbura masa fatar ido, ƙarar ƙuda ta toshe masa kunne. Ba ya sanin iska ta juya sai ƙuda ya rufe shi. Ba ya sanin reshen da ya hau ta kansa yana dama ko hagu. Muryar na ƙasa ita ce ke gaya masa inda ƙasa take. Rana ta farko da na riƙe wa Kawu igiya na yi shiru don ladabi. Sai na ji daga sama, "Kai! Bakinka ya mutu ne? Yi magana!"

Na ce, "Kawu, me zan ce?"

"Ko zagina ka yi, in dai zan ji ta inda kake."

Masu zuma a yankinmu biyu-biyu suke, kuma kowa da wanda ake kira abokin igiyarsa. Yau ka hau amyarka ya riƙe maka, gobe ya hau tasa ka riƙe masa. Ba a haɗa amya, kowa da tasa. Ba a kuma ɗaukar abokin igiya a gida ɗaya, ko wa da ƙane ne, don kada rigimar gida ta bi mutum kan bishiya. Bishiyar ta mai gona ce. Za ka je ka roƙi reshe, idan ya ba ka, duk ɗiba kana kai masa saƙar farko. Muddin amyarka na da rai, reshen naka ne, kuma ba mai sa wa bishiyar gatari, ko da mai gonar ne, don tsoron harbi da kuma kunyar mutane. In amya ta mutu ka bar ta, reshe ya koma ga mai shi. Sai abu na ƙarshe: idan abokin igiyarka ya kwanta ciwo ko ya yi tafiya, amyoyinsa amana ne a wuyanka. Ka ɗiba, ka ajiye masa rabonsa, ka fitar da na mai gona. Ba ka sayarwa, ba ka bari su mutu, har ya dawo.

Da Kawu ya tsufa ya daina hawa, sai ya haɗa ni da Buba. Buba Bafillace ne, sa'ana, iyayensa sun daɗe da zama a rugar bayan garinmu suna noma suna kiwo. A wurinsu muke samun kashin shanu, ta nan ya shiga sana'ar. Siriri ne, hawa ba ya yi masa wuya, amma a ƙasa ya fi amfani, domin bakinsa ba ya hutawa.

Akwai wani gawo a gonar Alhaji Garba, gefen hanyar Dutse, wanda ya fi kowace bishiya tsawo a wajen. Buba na da amya uku a kansa, ni ina da ɗaya a reshen ƙasa. Gawo yana fure lokacin da sauran itatuwa suka bushe, zumarsa fara ce, mai kauri. Wata safiya ina kai, iska ta juya, ban sani ba.

"Kaɗo, koma hagu, sun taso maka," in ji Buba daga ƙasa.

"Hagunka ko haguna?"

"Hagun mai hankali. Kai dai bi muryata."

Na matsa. Ya ci gaba kamar ba abin da ya faru: wai saniyarsa ja ta ƙi ɗan maraƙinta, wai mai unguwa ya sayi keke bai iya hawa ba yana tura shi zuwa masallaci, wai ni idan na faɗo ba zai ɗauke ni ba sai ya fara kai masaki gida, don zuma ta fi ni daraja.

Na ce, "Agwai, in na sauko za ka maimaita."

"Sauko ɗin. Ƙafar dama, ƙasa kaɗan. A'a, wannan busasshe ne. Yauwa."

Haka muka yi shekaru. Ban taɓa cin abinci a rugarsu ba sai ranar suna, shi ma bai cika shiga gidana ba. Abotarmu a gindin bishiya take.

Masu sayen zuma a lokacin mun san su da fuska. Gidan da aka yi haihuwa za a aiko a karɓi ta mai jego. Malamai na saye don rubutun sha. Masu ƙuna da masu tari su zo da ɗan kofi. Kakin kuwa, bayan an matse saƙa an dafa, dukawa ke ɗauka su goge zare da shi. Ranar kasuwar Jahun muke kai abin da ya rage, a cikin tulu, ana aunawa da ludayi. Da aka ƙirƙiro jiha Dutse ta zama babban birni, sai ma'aikata suka fara tsayawa da mota a bakin hanya suna neman ta a kwalba. Wata mata mai aiki a asibiti ta ɗaga kwalbata a rana ta ga ƙafar ƙuda a ciki, ta ce, "Baba, ka riƙa tacewa da ƙyalle mai tsabta, za ka fi haka ciniki." Gaskiya ta faɗa. Tun daga ranar nake tacewa.

Birnin da ya kawo masu saye shi ya kawo masu gatari. Gidajen burodi na son itace, masu gini na son fili. Suna bin gonaki suna sayen bishiya a tsaye. Duk wadda ba amya a kanta ta tafi. Masu amya suka rage tsaye ɗai-ɗai a fili, kana hango su daga nesa.

Mummunar shekara ta zo ne ta wake. A shekarun nan maganin feshi ya yawaita a kasuwa, kowa ya sayi famfo ya goya. Wake kuwa ana fesa shi ne yana cikin fure, da hantsi, daidai lokacin da ƙuda ke kansa. Ba wanda ya yi da mugunta, ni ma ina da gonar wake, tsutsa na cinye ta. Wata safiya bayan kaka muka je gindin wata ɗorawa, Buba ya tsuguna ya ɗebo wani abu a tafin hannu ya nuna mini. Matattun ƙuda ne, sun rufe ƙasa kamar an zubar da baƙin riɗi. Na hau ba tare da hayaƙi ba. Na buɗe murfi, ba wanda ya taso mini. Saƙar na nan, 'ya'yan sun ruɓe a ciki, wari na fita. Ranar ce kaɗai na ji Buba ya yi shiru a ƙasa, har sai da na kira sunansa.

Fiye da rabin amyoyin garinmu suka mutu a wannan kakar. Masu zuma suka fara watsewa. Idan ɗaya ya bari, abokin igiyarsa ma ya bari ke nan, don haka biyu-biyu suka riƙa fita kamar yadda suka shigo. Wasu suka sayi babur suka koma acaɓa a Dutse, wasu suka tafi cin rani ba su dawo wa zuma ba. Mu muka bi manoman da ke kusa da bishiyoyinmu gida-gida muna roƙon su riƙa feshi da yamma, bayan ƙuda ya koma. Wasu suka ji, wasu suka ce da yamma suna kasuwa. Kafin shekara biyu, daga ni sai Buba.

Sannan burtalin da shanunsu ke bi zuwa mashaya ya shiga gonaki. Aka yi ta kai ƙara wurin dagaci, ba a gama ba. Yayyen Buba suka yanke shawarar kora shanun kudu, kuma ba su da hannun da zai ishe su. Ya same ni a gona ina kaftu.

"Sabo, za mu sauka kudu."

"Har yaushe?"

"In ruwa ya faɗi mu ga yadda ta yiwu. Wataƙila damina ɗaya."

"Amyoyin fa?"

"Kana tambayata? Kai ne abokin igiya." Ya ɗan yi dariya. "Ka samu wani mai surutu ya riƙe maka. Kada ka ɗauki mai hankali, ba za ku daidaita ba."

Ya tafi. Amyoyinsa masu rai guda bakwai ne, uku a kan gawon Alhaji Garba.

Na nemi mai riƙe igiya ban samu ba. 'Ya'yana mata ne, sun yi aure. Na je wurin tsofaffin masu zuma, kowa ya ce ya wanke hannu. Ɗaya ya ce, "Sabo, ni yanzu in na ji ƙarar ƙuda ma juyawa nake." Na je majalisar matasa, suka ce, "Baba, a harbe mu a kan me?" Lokacin ɗiba ya zo ya fara wucewa. Amyar da ta cika ba a ɗiba ba, ƙuda na rabuwa ya tashi, ko nauyi ya karya ta. In ta mutu, reshen Buba ya koma ga mai gona, mai gona kuwa masu burodi na zuwa masa da magana. Alhaji Garba da kansa ya tare ni bayan sallar Juma'a.

"Malam Sabo, Bafillacen nan zai dawo kuwa?"

"Zai dawo, Alhaji."

"To. Ni dai ban ga saƙar farko ba bana. Idan amyar ta mutu ka gaya mini, kada in ji a bakin wani."

"Tana da rai, ranka ya daɗe. Jibi za ka ga saƙa."

Hawan farko da na yi ni kaɗai, ban ɗebo komai ba. Na ɗaura masaki da bakin wuta a igiya tun daga ƙasa, na hau, na jawo su. Wannan ya yiwu. Na buɗe murfi, na busa hayaƙi, na fara yanka. Sai iska ta juya. Na rufe ido, na matsa, na sake matsawa, sannan na tsaya, domin ban san ta wane gefe na hau ba. Gawo na da ƙaya, kuma ba kowane reshe ke ɗaukar mutum ba. Na saurara. Ba komai a ƙasa. Can nesa jaki na kuka, shi ke nan. Na rungume reshe na zauna ana harbina har gari ya waye sosai, na buɗe ido ɗaya da yatsa, na sauko. Masakin na bar shi a sama.

Ina da ƙaramar rediyo mai batir wadda nake jin labaran safe da ita. Washegari na tafi da ita. Na ajiye ta a gindin gawon, daidai gefen da nake hawa, na ƙure murya, na hau. Da hayaƙi ya rufe ni na kasa kunne, sai ga mai karanta labarai yana bayanin taron shugabanni a wata ƙasa mai nisa, a natse, kalma bayan kalma, daga ƙasa ta hannun dama. Na san inda gindin yake. Na gama yanka, na zura masaki a hankali har na ji ya taɓa ƙasa, na bi muryar na sauko. Kafin hantsi saƙar farko na gidan Alhaji Garba.

Da rediyo na yi ɗiban shekarun da suka biyo. Tana da iyakarta. Ba ta ganin iska, ba ta sanin busasshen reshe, ba ta rufe masaki, don haka ƙuda kan bi zumar ƙasa kafin in sauko. Dole in gama kafin shirin safe ya ƙare, in ba haka ba sai shuu kawai. Na koyi sayen sabon batir kafin kowace ɗiba, na koyi ɗora ta a kan dutse saboda raɓa. Wani lokaci mai labarai zai yi tambaya a cikin hira da wani, in ji na ba shi amsa daga kan reshe. A kan gawon nan na ji labarin rasuwar shugaban ƙasa, a kansa na ji an koma mulkin farar hula, a kansa na ji jihohi na ƙaddamar da shari'a ɗaya bayan ɗaya har aka zo kan tamu. Mutanen da ke wucewa gona da sassafe sun saba. Sukan ce, "Sabo da abokinsa sun fito."

Rabon Buba ina zuba shi a tuluna, in liƙe baki da yumɓu, in jera a ɗakin da nake ajiye kayan noma. Zuma ba ta lalacewa in ruwa bai taɓa ta ba. Damina ta wuce, wata ta wuce. Sau ɗaya wani mai shanu a kasuwar Jahun ya ce ya gan su can kudu, suna lafiya. Ban sake jin komai ba.

Shekarun shari'a sun ɗaga darajar zuma. Shagunan maganin Musulunci suka buɗe a Dutse, kowa na neman zuma da habbatus sauda. Masu dafa sukari su zuba a kwalba su ma suka yawaita, har mai saye ya daina yarda da kowa. Wani mai shago, Alaramma ake ce masa, ya biyo ni har gida, ya ga tulunan.

"Malam, waɗannan fa?"

"Ba nawa ba ne."

"Na wa ne?"

"Na wani ne, ya yi tafiya."

"Ka sayar mini ka ajiye masa kuɗin mana. Ai duk ɗaya ne."

"Zuma ya bar mini, Alaramma. Ita zai tarar."

Ya ce Allah ya ba da ladan amana, ya sayi tawa ya tafi.

A cikin waɗannan shekarun akwati ya zo. Wata ƙungiya ce ta kawo ta hannun malaman gona, irin wanda aka ba ku: katako, sanduna a jere a sama, ƙafafun ƙarfe da ake sa wa a gwangwanin baƙin mai saboda tururuwa, da rigar kariya mai raga, da famfon hayaƙi. Malamin da aka turo mana, Malam Nuhu, dattijo ne mai haƙuri. Ya buɗe akwati ya ɗaga sanda ɗaya, na ga yadda za a yanki saƙar zuma a bar ta 'ya'ya ba a taɓa ba. A amya ba ka da wannan zaɓin, abin da wuƙa ta samu shi ke nan. Na ga kuma mutum na tsaye da ƙafarsa a ƙasa. Gwiwoyina sun riga sun fara ciwo, kuma na san wata rana batir zai mutu ina sama. In na faɗo, amyoyin Buba sun mutu tare da ni. Ban yi dogon tunani ba.

Sharaɗin shi ne a tara akwatunan wuri ɗaya a kewaye da waya, saboda ɓarayi da dabbobi. Mai unguwa ya ba da fili a bayan makarantar firamare, nesa da azuzuwa. Malam Nuhu ya riƙe mini igiya muka sauko da amyoyin ɗaya bayan ɗaya, nawa da na Buba. Ya riƙe da kyau, ko da yake ba ya magana, yana cikin raga yana addu'a. Muka yanka saƙa muka ɗaure a sanduna, muka juye ƙuda. Ƙudan amya biyu suka gudu, sauran suka zauna. Na shafa wa akwatunan Buba jan fenti a gefe don kada su haɗu da nawa. Da aka gama aka mayar da Malam Nuhu wata ƙaramar hukuma.

Akwati ya yi abin da aka ce zai yi. Zuma ta ƙaru, ta fi tsabta, na Buba suka hayayyafa har na ƙara masa akwatuna. Amma bishiyoyin da muka sauke wa amya sun zama bishiyoyi kawai. Kafin rani biyu aka sare ɗorawar, aka sare tsamiyoyi biyu. Alhaji Garba ya rasu, magada suka sayar da gonar za a yanka filaye. Wata rana na fito hanyar Dutse na ga sarari a inda gawon yake, da tarin itace an jera ana jiran mota. Ba wanda ya karya al'ada. Ba amya a kai. Shi ya sa da aka tambaye ni wannan karon na ce kowa ya kai akwatinsa gindin bishiya ya ɗaure da sarƙa, ya riƙa kai wa mai gona saƙar farko. Ƙuda ba ya cin katako, fure yake ci.

Buba ya dawo wata ranar Laraba da rani, shi kaɗai. Ina gyaran zana a ƙofar gida na ji an ce, "Kaɗo, ba ka mutu ba?" Ya rame, gemunsa ya yi fari, yana ɗingisa ƙafa ɗaya. Ya ce shanun sun ragu, yayyensa biyu sun rasu, iyalinsa na can wani gari kudu da nan inda suka samu wurin zama. Ya sha ruwa, muka yi gaisuwar mutanen da aka rasa. Sannan ya ce, "Na biyo ta hanyar gawo."

Na ce, "An sare."

"Na gani. Ƙudan fa?"

"Suna nan. Da safe za ka gani."

Ya kwance ƙullin kayansa zai ciro goro, na hango igiyar rama sabuwa a naɗe a ciki. Ya ga na gani. Ya ce, "Ƙafar nan ba ta hawa yanzu. Amma riƙo ai ba da ƙafa ake yi ba."

Da safe na kai shi bayan makaranta. Na buɗe ƙofar waya, na nuna masa masu jan fenti. Ya zagaya su yana ɗingishi, ya kara kunne a jikin ɗaya, ya daɗe yana saurare. Na ba shi riga mai raga, ya sa, ya tsaya kamar wanda aka ɗaure. Na ɗaga murfi.

"To ni me zan riƙe?"

Na miƙa masa famfon hayaƙi. Ya matsa sau biyu, ƙuda ya kwanta. Na ɗaga sanda, na yanke, na sa a bokiti, na rufe. Muka wuce na gaba. Ina ganin komai da idona, ba abin da zai gaya mini. Sau ɗaya ya fara, "Iska ta…" sai ya bari, domin ni ma ina jin ta a fuskata. Kafin yara su shigo makaranta mun gama. Muka koma gida.

Na buɗe masa ɗakin tuluna. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Ya fasa bakin na farko, wanda na cika shekarar da ya tafi, ya sa yatsa. Ta yi duhu ta daskare.

"Ta gawo ce," in ji shi.

"Ita ce."

Ya kwana biyu. Ranar kasuwar Jahun muka ɗauki hayar amalanke muka kai tulunan, Alaramma ya zo daga Dutse ya saye duka ban da na farkon, wanda Buba ya ce da shi zai tafi. A tasha, kafin ya shiga mota, ya kira wani dattijo mai sayar da goro da direban motar, ya ce su tsaya shaida. A al'adarmu, wanda zai raba igiya da abokinsa a gaban mutum biyu yake faɗa, don kada magada su zo daga baya.

Ya ce, "Ku shaida, ƙudana da ke hannun Sabo na bar masa, da akwatunan. Amana ta sauka. Ba ni da abokin igiya, shi ma ba shi da."

Mai goro ya ce, "Mun shaida. Allah ya sa albarka."

Direba ya ce, "Baba, shiga mu tafi, rana na yi."

Ya zauna a gefen taga, tulu a kan cinyarsa, ƙullin kayansa a ƙarƙashin ƙafa. Na tsaya har motar ta cika. Da ta tashi ya leƙo ya ce wani abu yana dariya, amma ƙarar injin ta danne, ban ji ba.

Washegari na sayi kalanzir da tsumma, na je bayan makaranta na goge jan fentin.